Zafi a kan zafi: labarin hantar Kawu mai burodi

Shekara 31 Kawu ya yi yana tsayuwa a bakin tanderu a wani gidan burodi da ke Tudun Wada, Kaduna, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa kwana a gadon asibiti ba. Shi ne mai zuba kwanuka da kwashewa. Tanderun na itace ne, ginin bulo mai ƙaramar ƙofa, cikinsa kan kai digiri 200, ɗakin kuma rufin kwano ne babu sili. Yaran da ake ɗauka aiki sukan gudu tun makon farko. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce musu jiki yana sabawa. Da izininsa muke ba da wannan labari, bisa sharaɗin kada a kama suna, kuma shi ya ce a sa har da lambobin da ke takardun gwajinsa.

Maganarsa ta sabo tana kan hanya. Wanda ya yi kwana 7 zuwa 14 yana aiki cikin zafi, guminsa kan fara fita da wuri, gishirin da ke bin gumin ya ragu, ruwan jininsa ya ƙaru. A can cikin ƙwayoyin halittar jikinsa kuma wasu furotin na musamman sukan taru, waɗanda za mu zo kansu. Sai dai sabo turken wawa ne. Sabon nan na mai lafiya ne, ba ya rufa wa mara lafiya asiri.

Azumin shekarar ya faɗo cikin bazara, kamar na 2023 da na 2024 da suka zo a watannin Maris da Afrilu, lokacin da ranar Kaduna ke dukan kwano har cikin dare ɗaki bai huce ba. A mako na biyu gefen kwano mai zafi ya ɗosane shi a ƙwauri. Ƙunar ba ta wuce faɗin kwalin ashana ba. Ya shafa man goge baki ya ɗaure da tsumma, abin da bai kamata a yi wa ƙuna ba: ruwan famfo mai ɗan sanyi na minti 20 take so, sannan a rufe da abu mai tsabta. Kwana huɗu bayan haka ƙafar ta kumbura ta yi ja tana sheƙi, kaluluwa ta fito, zazzaɓi ya rufe shi. Kowa a gida ya ce maleriya ce. Aka aika yaro kemis ya dawo da farasitamol da maganin mura.

A nan aka yi kuskuren da lissafi ne kawai ke nuna shi. Da yake yana azumi, duk maganin tsakanin magariba da asuba yake shan sa: ƙwaya biyu a buɗa-baki, biyu bayan tarawihi, biyu tsakar dare, biyu a sahur. Kowace ƙwaya miligiram 500 ce, ke nan giram 4 cikin kimanin awa 10. Maganin murar kuma kowace ƙwaya akwai wani miligiram 500 na farasitamol a ciki, yana shan biyu. Giram 5 ke nan a dare ɗaya, dare biyu a jere. Iyakar babba mai lafiya giram 4 ne cikin awa 24, a rarrabe, giram ɗaya duk awa 6. Ga wanda ba ya cin abinci sosai ko mai ciwon hanta, likitoci sukan rage zuwa giram 2 ko 3.

Rana ta shida bayan ƙunar ya tafi aiki yana ɗingishi, don a azumi burodi ba ya kwana. Ya yi awa biyar a bakin wuta da zazzaɓi a jikinsa, babu ko kurɓin ruwa. Da ya dawo da la'asar yana rawar sanyi, haƙoransa na haɗuwa, sai matarsa ta dafa ganyen darbejiya da na mangwaro, ta zaunar da shi a kan kujera 'yar tsugunno, ta ajiye tukunyar a gabansa, ta lulluɓe shi da bargo biyu. Sirace ke nan, a yi gumi zazzaɓi ya fita. Ba a yi rubu'in awa ba ta ji yana kiran sunan yayansa da ya rasu tun tuni.

"Malam, da wa kake magana?"

Bai amsa ba. Ta yaye bargon ya sulale ƙasa.

A ɗakin taimakon gaggawa zafin jikinsa digiri 41.2 ne, bugun zuciya 132 a minti, numfashi 30, awon jini 84 bisa 50, sukari ya faɗi zuwa 2.8. Alamu ukun da ake dubawa a bakin gado don zargin sefsis, wato cutar da ta bi jini har garkuwar jiki ta koma tana ɓarnar gaɓoɓin mai ita, duk sun cika: numfashi 22 ko fiye, lambar sama ta awon jini 100 ko ƙasa, da gushewar hankali. Biyu ma sun isa a tashi tsaye. An ƙiyasta cewa a 2017 mutum miliyan 48.9 ne suka kamu da sefsis a duniya, miliyan 11 suka mutu. Shi kuma ga bugun zafi an ɗora masa a kai, domin duk wanda zafin cikinsa ya wuce 40 kuma hankalinsa ya gushe bayan ya sha zafi daga waje, haka ake ɗaukarsa har sai an tabbatar da akasi.

Abin da aka yi a awar farko ba shi da ado. An tuɓe shi, ana yayyafa masa ruwa fanka na kaɗawa, an cusa ƙanƙara cikin leda a hammata da matsematsi da wuya, da niyyar sauko da shi ƙasa da 39 cikin minti 30, a dakata a nan kada a zarce. An ɗebi jinin da za a shuka don gano ƙwayar cutar kafin a sa maganin kashe ta, aka sa maganin ta jijiya cikin awar. An ba shi sukari ta jijiya. Nauyinsa kilo 60, saboda haka ƙarin ruwan farko mililita 1,800 ne cikin awa 3, bisa ƙa'idar mililita 30 ga kowane kilo. An sa robar fitsari ana auna ko zai kai mililita 30 a awa. Farasitamol kuwa likita ya hana, haka daikulofenak da aibufurofen saboda ƙoda da zubar jini. Da ya ji lissafin ƙwayoyin da aka sha, ya rubuta a nemo asitilsistin, makarin farasitamol. Da ƙyar aka samo shi a daren.

Gwajin hanta na ranar farko bai tayar wa kowa hankali ba: ALT, mai hawa idan ƙwayoyin hanta na mutuwa, 180; INR, awon jinkirin daskarewar jini, 1.4; bilirubin, mai sa ido rawaya, 1.6; albumin, furotin da hanta ke zuba wa jini, 31. Likitan ya ce wa babban ɗansa kada wannan ya ruɗe shi, hanta ba ta nuna dukan da ta sha sai bayan kwana biyu zuwa uku. Haka kuwa aka yi. Rana ta uku ALT ya kai 3,400, alhali na mai lafiya ba ya wuce 40. INR 2.6, albumin 22.

Kafin a gane abin da lambobin nan ke faɗi, sai an san abin da ake nufi da furotin. Furotin dogon zare ne da aka jera da ƙananan ƙwayoyi iri 20, amma ba ya aiki a miƙe. Sai an naɗe shi naɗi na musamman, kamar rawani. Yadi ɗaya ne, amma naɗin ne ke sa a ce wannan na sarki ne wannan na malami, idan ya warware kuwa tsumma ne kawai a ka. Abin da ke riƙe naɗin furotin ba ƙulli mai ƙarfi ba ne, kuma zafi yana sassauta shi. Da ya warware, ɓangarorin da ke ɓoye a ciki sai su fito su manne da na maƙwabta, su dunƙule. Wanda ya taɓa fasa ƙwai a kasko ya ga ƙarshen wannan: farin ƙwai furotin ne, kuma ba ya komawa ruwa. A jikin mutum ba a jira zafin kasko, daga digiri 41.6 zuwa 42 ɓarnar kan fara idan aka daɗe daga minti 45 zuwa 'yan awanni.

Ƙwayar hanta tana da masu gyaran naɗi. Ana kiransu HSP, da lamba mai nuna nauyin kowanne: HSP27, HSP60, HSP70, HSP90. An fara gano alamarsu a 1962 a Italiya, lokacin da Ferruccio Ritossa ya ga wasu wurare sun kumbura a kan zaren gādon ƙudan 'ya'yan itace bayan an ƙara zafin akwatin da ake renon su. Su kansu furotin ɗin sai a 1974 aka tantance su. Tsarin yana da ban sha'awa. A zaman lafiya masu gyaran suna riƙe da wani furotin mai ba da umarni, HSF1, sun hana shi motsi. Da zarar warwararrun furotin sun yi yawa, sai su sake shi su tafi aiki. Shi kuma sai ya haɗu da 'yan'uwansa su zama uku-uku, su hau kan zaren gādo su ba da umarnin a ƙera ƙarin masu gyara. Cikin 'yan awanni HSP70 ya cika ƙwayar. Yana kama warwararren zare, ya riƙe, ya saki, ya sake kamawa har naɗin ya zauna, wanda ya ƙi gyaruwa a tura shi wurin niƙa. Kowane kamu da saki yana cin ATP, wato kuɗin makamashin ƙwayar. A riƙe wannan, don nan gizo ke saƙar.

Ita hantar, kafin zafin ya zo, tana cikin wani yaƙin. Nauyinta kusan kilo ɗaya da rabi, tana karɓar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jinin da zuciya ke turawa, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na wannan jinin daga hanji yake zuwa. Idan cuta ta shiga jini, saƙon garkuwar jiki mai suna IL-6 kan iso mata, sai ta sauya jadawalin ƙira. Ta rage albumin, wanda a kullum take yin giram 10 zuwa 15. Ta ƙara CRP mai manne wa ƙwayoyin cuta, ta ƙara fibirinojin na daskarar da jini, ta ƙara hefsidin mai ɓoye ƙarfe don kada ƙwayoyin cuta su samu. To an nuna a ƙwayoyin hanta da aka rena a ɗakin gwaji cewa jadawalin yaƙi da cuta da jadawalin tsira daga zafi ba sa tafiya tare, kuma na zafi ne ke da fifiko. Ƙwayar da ke ƙonewa kanta take ceto, ta ajiye aikin jiki.

Wannan ne ya jawo wata muhawara a bakin gado rana ta uku. CRP, wanda kan sauko idan cuta ta lafa, ya sauko daga 240 zuwa 70, ɗansa ya gani a takarda ya yi hamdala.

"Likita, wannan ai sauƙi ne ko?"

"Allah ya sa, Alhaji. Amma mai ƙera shi ne ke kwance. Idan kasuwa ta rasa burodi, ba lalle mutane ne suka ƙoshi ba. INR nake kallo."

Gaskiyarsa. Cikin furotin na daskarar da jini akwai na bakwai, wanda rabinsa ke ƙarewa cikin awa 4 zuwa 6, saboda haka da hanta ta daina ƙira INR ke fara tona asiri, kuma shi ke fara ba da bushara idan ta farfaɗo. Albumin kuwa kusan kwana 20 rabinsa ke ɗauka. Faɗuwarsa daga 31 zuwa 22 cikin kwana biyu ba ta rashin ƙira kaɗai ba ce, yoyo ne ta bangon ƙananan jijiyoyi da sefsis ta huhhuda, ga ƙarin ruwa ya tsinka sauran. Shi ya sa ƙafafu da hannuwa suka kumbura.

Akwai wani binciken da idan aka ji rabinsa za a ce matar Kawu daidai ta yi. A 1994 masu bincike a Toronto ta Kanada sun ɗumama ɓeraye zuwa wajen digiri 41 da ɗoriya na rubu'in awa, suka bar su suka huta kusan kwana guda, sannan suka huda musu hanji don haddasa sefsis. Waɗanda aka ɗumama sun fi rayuwa, gaɓoɓinsu kuma ba su lalace sosai ba. Daga baya wasu a Taiwan suka duba furotin na cikin maitokondiriyar hanta, wato ƙananan injinan da ke samar da ATP, suka ga wani mai suna ALDH2, mai share gubar da ƙonewar kitse ke bari, yana raunana idan sefsis ta yi nisa, amma a ɓerayen da aka riga aka ɗumama yana riƙe ƙarfinsa. An kuma ga HSP70 yana danne NF-kB, makunnin da ke kunna kumburi.

Sauran rabin shi ne jeri. A duk gwaje-gwajen nan zafin ne ya riga, a jikin lafiyayye, ɗan kaɗan, aka bar tazarar da masu gyara za su taru, sannan cuta ta zo ta tarar da gida a shirye. Da aka juya jerin, aka fara sa wa ƙwayoyin bangon jijiya gubar bakteriya sannan aka ɗumama su, sai suka riƙa kashe kansu. Masana suna kiran wannan da suna "rikitaccen al'amarin zafi". Ɗaya daga cikin bayanan da ake bayarwa shi ne, ƙwayar da ke cikin kumburi tana raye ne saboda furotin na kariya da take ta ƙerawa babu tsayawa, zafi kuma ya zo ya tsayar da ƙirar. A ganinmu wannan kaɗai ya isa a daina lulluɓe mai zazzaɓi. Kawu cutar ce ta riga da kwana biyu, sannan tanderu, sannan bargo.

Kuma ba ƙwayar kaɗai zafin ya taɓa ba. Jikin da ke neman huce kansa yana kwashe jini daga ciki ya kai fata, har lita 7 ko 8 a minti. Hanji da hanta ne ke biyan bashin. Hanjin da jini ya yanke masa bangonsa kan saki, gubar bakteriyar da ke cikinsa ta bi jijiya kai-tsaye zuwa hanta. Kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana ƙara buƙatar iskar oksijin da wajen kashi 10 cikin 100, daidai lokacin da awon jini ya faɗi. Ajiyar sukarin hanta, kimanin giram 100, ba ta wuce kwana guda ga wanda ba ya ci, kuma Kawu kwana uku kunu kawai yake iya kurɓa. Babu iska, babu sukari, injinan sun raunana, to da wane ATP masu gyaran naɗin za su yi aiki? Ga shekaru, domin martanin HSP yana ja baya da tsufa, shi kuma yana da 58.

Farasitamol ɗin ma wuri ɗaya ya sara da zafin. Hanta a tsare take gida-gida, jini na shiga daga gefe ya gangara zuwa jijiyar tsakiya. Ƙwayoyin da ke kusa da tsakiya su ne na ƙarshen layi, ragowar iska suke samu, su ke fara mutuwa idan jini ya yi ƙasa. Su ne kuma suka fi yawan sinadarin da ke mayar da wani kaso na farasitamol guba mai suna NAPQI. Gulutatayon ne ke kama wannan gubar, yunwa kuma tana ƙarar da shi. Idan ya ƙare, gubar sai ta manne wa furotin na maitokondiriya. Asitilsistin aikinsa ke nan, ya ba hanta kayan ƙera sabon gulutatayon.

Kada a ɗauka zazzaɓi kansa abokin gaba ne. Na 38 zuwa 39 ƙwaƙwalwa ce ta ɗaga ma'auni da gangan, yana taimakon garkuwar jiki, kuma da wuya ya wuce 41 muddin fata na iya fitar da zafi. Bargo ke toshe hanyar, tururi kuma ya hana gumi bushewa, alhali gumin da bai bushe ba bai sanyaya komai ba. Mai rawar sanyi mayafi ɗaya mara nauyi ya ishe shi. Idan ya fara sambatu, a yaye, a jiƙa jikinsa, a yi masa fifita, a buɗe tagogin mota har a isa asibiti, kuma kada a ɗura masa ruwa a baki matuƙar ba ya cikin hayyacinsa. Batun azumi kuwa, Suratul Baƙara aya ta 184 da 185 sun riga sun sauƙaƙa wa mara lafiya ya rama a wasu kwanaki.

Gwajin maleriya bai nuna komai ba. Na ciwon hanta nau'in B ma haka, kuma wannan sa'a ce, don binciken ƙasa na 2018 ya sami cutar a jikin kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64, hantar da ke ɗauke da ita kuwa ba ta da rarar da za ta jure irin wannan. Jinin da aka shuka ya fitar da sitafilokokus, irin bakteriyar da ke zaune a fata. An shiga da shi tiyata aka kankare ruɓaɓɓen naman ƙwaurin, aka ba shi bitamin K, ana awon sukari duk awa biyu.

Rana ta biyar ya gane matarsa. Rana ta bakwai ALT ya sauko 880, INR 1.3. Amma a ranar idonsa ya yi rawaya fiye da kullum, bilirubin 9, fitsari kamar shayin da ba madara. 'Yan dubiya daga Rigasa suka zo da jarkar jiƙon rawaya, suka ce shawara ba ta jin maganin asibiti. Nas ɗin da ke ɗakin ta karɓi jarkar ta ajiye a ƙarƙashin tebur.

"Mama, ku yi haƙuri da wannan tukuna. Hantar Baba yanzu ko abin da muka san awonsa tsoron ba ta muke yi."

Shawarar da ke zuwa a makare ba alamar taɓarɓarewa ba ce ita kaɗai. A bangon ƙwayar hanta akwai furotin masu aikin famfo, irin su BSEP da MRP2, da ke tura ruwan matsarmama waje. Gubar bakteriya da saƙonnin kumburi suna sa a rage ƙera su, a kuma janye waɗanda ke bakin aiki zuwa ciki. Sai an ƙera sababbi an dasa su, shi ya sa bilirubin ke ci gaba da hawa bayan ALT ya fara sauka, ya kuma ɗauki makonni kafin ya washe. Nasa ya tsaya a 11 rana ta goma.

An sallame shi bayan kwana 19. A mako na shida ALT 38, bilirubin 1.4, albumin 33, ƙafar tana ɗan tasawa da yamma. Likita ya gaya masa sabon shekara 31 ya tafi, domin 'yan makonnin hutu sun isa su goge shi, kuma wanda ya taɓa bugun zafi yana iya kasa jure zafi na wani lokaci. Idan zai koma, sai kamar sabon yaro: ranar farko kashi 20 cikin 100 na lokacin aiki, a ƙara 20 kowace rana, kofin ruwa ɗaya duk minti 15 zuwa 20, kada ya wuce lita ɗaya da rabi a awa, kuma duk ranar da ya ji zazzaɓi kada ya kusanci wuta.

Bai koma bakin tanderun ba tukuna. Mai gidan ya sa masa benci a ƙofa yana ƙirga burodin da masu babur ke ɗauka, an kuma fasa bango an sa taga biyu a ɗakin gashin. Azumin da ake binsa ya rama shi cikin hunturu, Litinin da Alhamis.